Idan ɗan haya ya saɓa sharaɗi: abin da mai gida ke yi da abin da doka ta ba shi

Duk wanda ya daɗe a unguwar da gidajen haya suka yi yawa, irin Kurna da Rijiyar Lemo a Kano, ko Rigasa a Kaduna, ko Nyanya da Mararaba a bakin Abuja, ya taɓa wayar gari da wannan gani: katifa jingine da katanga a waje, tukwane da kwanuka zube a bakin kwata, mace zaune kan akwati da goyo a baya, ƙofar ɗakinta kuwa da sabon kwaɗo. In ka tambayi maƙwabta me ya faru, amsar ba ta wuce kalma uku: "Alhaji ya gaji."

Sau da yawa kuma Alhajin yana da gaskiya a kukansa. Wata takwas bai ga ko sisi ba. Ko ya ba mutum ɗaki don kwana, ya dawo ya tarar an fasa bango an fitar da shago. Ba kowane mai gida ne attajiri ba. Akwai matar da mijinta ya rasu, kuɗin ɗakuna huɗu ne abincin marayunta. Akwai tsohon ma'aikacin da ya zuba garatutinsa gaba ɗaya a bulo da kwano don kada tsufa ya kai shi ga roƙo. Wanda ya riƙe wa irin waɗannan kuɗin haya alhali yana da shi ya zalunce su, ba wani kwana-kwana. Sai dai ranar da mai gida ya ɗauki guduma ya fasa ƙofa, a ranar ya tashi daga mai ƙara ya koma wanda ake ƙara, kuma masu gidaje da yawa ba sa sanin haka sai sammaci ya iso musu.

Tushen maganar shi ne mallakar gida daban, haƙƙin zama a cikinsa daban. Malaman fiƙihu sun ce haya sayar da amfani ce: gidan naka ne, amma amfaninsa na tsawon lokacin da kuka ƙayyade ka sayar wa wani. Dokar ƙasa ma haka ta ɗauke shi. Muddin mutum ya shiga da yardarka, ɗakin nan ya zama masaukinsa, kai kanka ba ka da ikon faɗawa ciki ba sallama ba izini, balle ka taɓa kayansa. Ko bayan kuɗinsa sun ƙare, doka tana ci gaba da kare zamansa har sai an bi hanyar da ta shimfiɗa. Wannan yana yi wa masu gidaje ciwo, na san haka. Mutum ya ce, "Da gumina na gina, a ce sai na nemi izinin wani kafin in karɓi abina?" Amma da an bar kowa ya zama alƙalin kansa, da duk mai gidan da ya sami wanda zai ƙara masa dubu hamsin sai ya ƙirƙiro wa na ciki laifi ya watsa masa kaya waje a tsakiyar damina.

To mene ne ma saɓa sharaɗin? Rashin biyan kuɗi shi ne babba, kowa ya san shi. Bayansa akwai ba wani hayar ɗakin a ɓoye, da mayar da wurin kwana wurin sana'a (injin markaɗe a tsakar gida, kajin gidan gona a bayan ɗaki), da sauya fasalin gini, da damun maƙwabta, da ƙin sa hannu a kuɗin wuta ko na yashe shadda, da satar wuta ta bayan mita wadda in an kama tarar kan faɗo kan gidan gaba ɗaya. Matsalarmu a nan ita ce akasarin hayar da ake ƙullawa a unguwanninmu da baki ake yin ta. Dillali ya nuna ɗaki, aka yi ciniki, ya karɓi la'adarsa, aka rubuta rasit na kuɗi, shi ke nan. Bayan wata biyar mai gida ya ce, "Ai na ce ban yarda da kiwo ba." Ɗan haya ya ce, "Wallahi Baba ba mu yi haka da kai ba." Dillalin da ya kamata ya zama shaida ya ce shi bai tuna ba, don ba ya son ɓata da kowa. Hayar baki haya ce, kotu tana karɓarta, amma wanda ya yi iƙirarin sharaɗi shi zai kawo hujjarsa. Akwai ma abubuwan da masu gida ke ɗauka haramun ne kai tsaye alhali ba haka ba ne. Bai wa wani haya a cikin haya, alal misali, asalinsa a fiƙihun Malikiyya halal ne in wanda aka sa bai fi na farko cutar da gini ba, a dokar ƙasa ma sai in yarjejeniya ko dokar jiha ta hana. Mai gidan da ba ya so, sai ya faɗa tun farko, ya kuma rubuta. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, sai sharaɗin da ya haramta halal ko ya halatta haram. Sharuɗɗan da aka ƙulla ake nufi, ban da waɗanda mutum ya bari a zuciyarsa.

A aikace, mai gida mai hankali yakan fara da magana. Ya kira mutum gefe: "Malam, lafiya kuwa? Wata uku ke nan." In abin ya ci tura ya turo dillalin da ya kawo shi, ko wani dattijo daga danginsa, sannan a je gaban mai unguwa ko limamin masallaci. A Kano wasu sukan kai Hisba a zaunar da su, akwai kuma sashen sulhu da ke haɗe da kotu irin wanda Legas ta fara a 2002. Ni a ganina wannan matakin shi ne mafi daraja a duk cikin lamarin, kuma shi ke kashe yawancin rigingimu ba tare da kowa ya ji ba. A nan ne ake cewa, "Alhaji, a yafe masa wata biyu, ya biya huɗu, ya tashi bayan Sallah." Kowa ya rage wani abu, kowa ya tsira da mutuncinsa. Abin da kawai ake yawan mantawa shi ne a rubuta abin da aka daidaita a kai, kowa ya sa hannu, shaidu su sa. Sulhun da ba a rubuta ba, bayan Sallar sai a koma gidan jiya.

Inda sulhu ya gaza ne ake ganin halin mutane. Wani ya yanke wutar ɗakin. Wani ya kulle rijiya ko famfo, ko ya sa kwaɗo a banɗaki. Wani ya turo kafinta da sunan gyara, a cire ƙofa ko a yaye kwano, gyaran kuma ba zai ƙare ba sai mutum ya kwashe kayansa. Wani ya ninka kuɗin haya dare ɗaya. Wani ya turo samari majiya ƙarfi su yi ta zirga-zirga a ƙofar gida har matar gidan ta kasa fitowa. Duk waɗannan, a idon doka, ɗaukar doka a hannu ne. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta fito fili ta mai da shi laifi: wanda ya rushe ko ya lalata gini don ya kori ɗan haya ba da umarnin kotu ba, ko ya tsorata shi, ko ya fitar da shi da ƙarfi, zai iya fuskantar tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. A sauran jihohi ma ɗan haya yana iya shigar da ƙarar neman diyya kan kutse da ɓarnar kaya, kuma Kotun Ƙoli ta sha tabbatar da haka, kamar a shari'ar Eliochin da Mbadiwe a 1986 da ta Ihenacho da Uzochukwu a 1997. Mai gida yana bin naira dubu ɗari biyu, sai ya wayi gari ana neman abin da ya fi haka a wuyansa, domin an ce talabijin ya fashe, gwal ɗin uwargida ya ɓace, shi kuma ba shi da shaidar abin da ke cikin ɗakin kafin ya fasa.

Ko gwamnati ba ta tsira daga wannan ƙa'ida ba. A tsakiyar shekarun 1980, gwamnatin soja ta Jihar Legas ta yi jayayya da Odumegwu Ojukwu kan gida mai lamba 29 a titin Queen's Drive da ke Ikoyi. Magana tana gaban kotu, gwamnati ta tura mutum kusan 150 ɗauke da makamai suka fitar da shi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a mayar da shi, gwamnati ta ƙi, ta garzaya Kotun Ƙoli. A watan Fabrairun 1986 Kotun Ƙoli ta ƙi ba ta abin da ta nema, ta ce wanda ya take umarnin kotu ya yi amfani da ƙarfi ba zai zo yana neman alfarmar kotu ba. A zamanin mulkin soja ke nan, kuma a kan mutumin da ya jagoranci ɓangaren Biyafara a yaƙin basasa. Kotun ba ta ce gidan nasa ne a wannan hukunci ba. Abin da ta ce shi ne ba a fitar da mutum da bindiga alhali alƙali bai yanke ba.

Sai batun 'yan sanda, wanda ya zama ruwan dare. Mai gida ya je caji ofis ya ce ɗan haya ya ƙi biya, a zo a kama shi, ya kwana a bayan kanta, da safe a sa shi ya rubuta alkawarin zai tashi cikin sati biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Bashin haya ba laifin da ake kulle mutum a kansa ba ne. In akwai laifi na gaske, kamar sayar da ƙwaya a ɗakin, ko ɓoye kayan sata, ko duka, wannan aikin 'yan sanda ne, kuma ya wajaba mai gida ya kai rahoto don kada a haɗa da shi. Amma ko an kama mutum kan irin wannan, karɓe ɗakin magana ce daban da ke da nata tafarkin.

Tafarkin kuwa ga shi. Kowace jiha tana da dokarta, kuma ita ke faɗin kotun da ke da hurumi, amma ƙashin bayansu kusan ɗaya ne. Da farko a ba ɗan haya notis na tashi a rubuce. In yarjejeniya ta faɗi tsawonsa, ita za a bi. In ta yi shiru, dokar da ke aiki a Abuja ta ce mai biyan mako-mako a ba shi mako guda, mai biyan wata-wata wata guda, mai biyan wata uku-uku wata uku, mai biyan shekara wata shida. Ta Legas ma haka take a kan waɗannan. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi takarda ta biyu, ta kwana bakwai, mai sanar da shi cewa mai gida zai je kotu neman gidansa. Bayan kwana bakwai cikakku a shigar da ƙara. Alƙali ya saurari kowa, in ya gamsu ya sa ranar tashi ya kuma yanke bashin da za a biya. In ranar ta wuce mutum yana ciki, ma'aikatan kotu ne za su zo su fitar da kaya da takardar izini a hannunsu. Mai gida nasa kallo.

Hayar da aka yanka wa ranar ƙarewa, a ce shekara ɗaya daga ranar kaza zuwa ranar kaza ba tare da sabuntawa ba, ba ta bukatar notis na farko in lokacinta ya cika. Takardar kwana bakwai ta isa. Dokar Legas ta ƙara da cewa mai biyan wata-wata da ya tara bashin wata shida, hayarsa ta faɗi da kanta. Wanda kuma yake so ya iya katse haya tun kafin wa'adinta saboda an saɓa wani sharaɗi, to ya tabbata yarjejeniyar ta faɗi haka ƙarara, kuma duk da hakan ta kotu zai bi.

A nan zan tsaya kan wani kuskure da ya yaɗu tsakanin 'yan haya har ya zama kamar karatu: wai in an ba ka notis na wata shida, watannin nan kyauta ne. Babu dokar da ta ce haka. Notis lokaci ne na neman wani wuri, kuɗin kowane wata yana nan a wuyanka. Ko bayan haya ta ƙare, duk kwanan da ka ƙara a ciki kotu tana iya lissafa shi ta sa ka biya, wani lokaci ma a kan farashin da gidan zai samu a kasuwa a lokacin, wanda kan fi tsohon kuɗinka. Mutane da yawa sun zauna shekara guda suna murnar sun ci banza, ƙarshe hukunci ya zo da jimillar da ta fi ƙarfinsu.

Masu gida kuma nasu tuntuɓen a kan takardu yake. A ba mai biyan shekara notis na wata uku. A lissafa kwana bakwai a haɗa da ranar da aka miƙa takardar. Wakili ko dillali ya sa hannu ba tare da rubutaccen izinin mai gida ba. A kasa kawo shaidar cewa takardar ta isa hannun mutumin. Shekaru da dama, ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a kori ƙara bayan an yi shekara biyu ana sintiri, a ce a koma a faro daga farko. Har akwai tsohuwar ƙa'idar da ta ce notis ɗin mai biyan shekara dole ya ƙare daidai da zagayowar ranar da ya shiga, in ka kuskure sai ka jira wata shekarar. Dokar Legas ta 2011 ta sassauta wannan.

Wanda yake so ya gane dalilin da ya sa masu gidaje ke tsoron kotu, ya dubi shari'ar kamfanin Pillars da iyalan Desbordes. A 1977 aka ba kamfanin hayar fili a Surulere ta Legas na shekara 26, da sharaɗin zai yi gini a kai cikin shekara biyu. Bai yi ba. Masu fili suka shigar da ƙara a 1993. Sun yi nasara a babbar kotu, sun yi a Kotun Ɗaukaka Ƙara, amma Kotun Ƙoli ba ta rufe maganar ba sai a watan Fabrairun 2021. Shekara 28, har wa'adin hayar kansa ya ƙare ana cikin shari'a. A hukuncin, Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta yi kakkausar magana kan 'yan hayar da ke fakewa da kuskuren notis suna riƙe dukiyar mutane, ta nuna cewa da zarar an kai wa mutum takardar ƙarar neman gida, ai ya san ana son ya tashi, ƙaramin kuskure a notis bai kamata ya rushe shari'a ba. Lauyoyi suna ta muhawara kan iyakar wannan magana, don haka mai gida mai lura ba zai dogara da ita ya yi sakaci da takardunsa ba. Amma ta nuna inda kotuna suka fuskanta.

Wannan jinkiri ba masu gida kaɗai yake cuta ba. Shi ne ya sa ake neman kuɗin shekara biyu a dunƙule daga mutumin da albashinsa wata-wata yake zuwa. Legas ta hana karɓar fiye da na shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata uku, amma wanda ke neman wurin sa haƙarƙarinsa ba shi da bakin kai ƙara. Shi ne kuma ya sa wasu masu gida ke gudun ba lauya ko mai kaki haya, suna tantance mutane da ƙabila da aure da sana'a. Mutum ɗaya ya cuci mai gida, mutum goma masu amana da suka zo bayansa su biya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne malamanmu na Malikiyya sun tattauna wannan tun ƙarnoni da suka wuce, kuma inda suka tsaya bai yi nisa da inda dokar yau ta tsaya ba. A Muhtasar na Shehu Halil, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, an ce haya ba ta warwarewa don ɗan haya ya bayyana fasiƙi. Alƙali ne zai umarce shi ya daina, in ya ƙi, alƙali ya fitar da shi ya ba wani hayar gidan a madadinsa. Dubi wanda aka ba aikin: alƙali, ko da laifin ya kai na fasiƙanci a fili. Risala ta Ibn Abi Zaid kuma ta ce haya ba ta ɓaci da mutuwar mazaunin gida. Ke nan mai gidan da ke zuwa bayan sadakar bakwai ya ce wa matar mamaci ta tattara, alhali kuɗin marigayi bai ƙare ba, ya ci haƙƙin magada. Haka nan ɗan haya amintacce ne a kan abin da ke hannunsa: fentin da ya koɗe da rufin da ya tsufa ba a wuyansa suke ba, sai abin da ya lalata da ganganci ko sakaci. Mai gidan da ke riƙe kuɗin ajiya na ɓarna ya kamata ya san wannan bambanci kafin ya zaftare.

A kan bashi kuwa shari'a ta raba mutum biyu da mu muke yawan haɗawa. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce wanda ke cikin ƙunci a jira shi zuwa sauƙi. Hadisin Buhari da Muslim ya ce taurin bashin mawadaci zalunci ne. Akwai wanda aka sallama daga aiki ko jinya ta cinye jarinsa, yana sunkuyar da kai in ya haɗu da mai gida a zaure. Akwai kuma wanda ya sauya babur, ya yi wa matarsa ɗinkin biki, sannan ya ce a yi haƙuri. Jiran mai ƙunci bai wajabta wa matar nan mai marayu ta bar shi ya ci gaba da zama kyauta har abada ba. Tana iya neman ɗakinta ta hanyar da ta dace, ta jinkirta masa tsohon bashi. Mai unguwa da liman sun fi kowace kotu sanin wane ne wane a cikin biyun nan, shi ya sa nake ganin tsallake su kuskure ne.

Akwai wani yanayi guda da ke ɗaure wa masu gida kai fiye da sauran: ɗan haya ya kulle ɗaki da kayansa a ciki ya ɓace. Wata biyar, wata bakwai, waya a kashe, ba kuɗi ba labari. A unguwa abin da aka saba shi ne a kira mai unguwa da shaidu, a ɓalle kwaɗo, a rubuta duk abin da aka tarar, a adana a wani wuri. Wannan ya fi fasawa a ɓoye nesa ba kusa ba, amma ba ya maye gurbin umarnin kotu, kuma in mutumin ya dawo ya ce tafiya ce ta kama shi ko asibiti ya kwanta, mai gida na iya samun kansa yana amsa tambayoyi. Dokar Legas ta sa barin gida haka cikin dalilan da kotu ke mayar wa mai gida abinsa, kuma inda ba a sami mutum ba akan liƙa takardun a ƙofar ɗakin, a ɗauki hoto, a ajiye shaida. Shi ya sa tun ranar shiga, bayan sunan ɗan haya da kuɗi da wa'adi da abubuwan da aka hana, yana da kyau takardar ta ɗauki sunan wani ɗan'uwansa ko mai tsaya masa, da inda za a same shi.